Farantin Baƙo a Gidan Malam Ignacy

"Baba, don Allah kar ka buɗe..."

Bogna ta gane bugun ƙofar. Uku a jere, na huɗu a makare. Lucjan ne kaɗai ke ƙwanƙwasa ƙofa kamar yana kiɗa.

Shekara shida tana jiransa. Ɗalibin mahaifinta ne, duk Krakow ba wanda ya kai shi iya goge, har ranar da mahaifin nata, Malam Ignacy, ya kama shi yana kiɗan jaz, ya kore shi daga aji, ya haɗa masa da gidan. Daga nan sai Hamburg, sai Oslo, sai wasiƙu masu layi uku. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Yau jajibirin Kirsimeti ta shirya amsa tayin auren Seweryn mai kantin magani, ga shi nan gefenta yana ta gyaran wuyan riga.

Tsohon ya dubi farantin da ake ajiye wa baƙo kowace shekara.

"Yau ba a korar kowa, 'yata. Ko da ɗan iskan nan ne."

Lucjan ya shigo a rame, dusar ƙanƙara a kafaɗa, akwatin goge a hammata.

"Bognata..."

"Ina amaryar?" ta tambaya a sanyaye.

"Wace amarya?"

"Seweryn ya ce ka yi aure a Oslo."

Seweryn ya ƙware da miya.

"Ji na yi... mutane ke faɗa..."

"Aure? Ni da ko kujera ta biyu ba ni da ita!" in ji Lucjan.

Ba ta yi dariya ba.

"Na gaji, Lucjan. Ba zan ƙara jiranka ko kwana ɗaya ba."

"Ban zo ki jira ba, masoyiyata. Jibi zan koma. Ɗakin ƙarami ne, akwai sanyi, kiɗan ma ba kullum ake kirana ba... Ki zo mu tafi."

Ta daɗe tana kallonsa.

"To, ka nemo kujerar," ta ce.

Malam Ignacy ya ɗauko oplatek, farar wainar da ake gutsura da juna ana yafe laifi. Ya miƙa wa Lucjan.

"Kiɗanka har gobe hayaniya ce a kunnena."

"Na sani, Malam."

"Amma sau biyu na ji ka a rediyo, ban kashe ba." Ya ƙara matso masa da wainar. "Gutsura, yaro. 'Yar nan ita kaɗai gare ni."