Takardar Da Ta Mayar Da Lefe

Na'ima na tsakar gida tana tsince shinkafa sai ga Hajiya Indo, mahaifiyar saurayinta Shamsuddeen, da mata biyu daga Kibiya. Ko tabarma ba su bari an shimfiɗa ba.

"Akwatunanmu muka zo ɗauka."

Kansar mama ce ta kashe mahaifiyar Na'ima, ita ta kashe innarta. Likita a Kano ya ba ta shawarar gwajin gado, sakamakon ya nuna ta fi sauran mata haɗarin kamuwa. Don kada ta ɓoye komai, ta haɗa takardar da takardun gwajin aure da aka kai wa waliyyin ango.

"Hajiya, wallahi lafiyata ƙalau. Cewa aka yi in riƙa zuwa ana duba ni..."

"Rufe min baki! Mun yi bincike a nan Rano, aka ce gidan mutunci, ashe a jini abin yake. Da wannan nonon za ki shayar min da jikoki?"

Aka fita da lefe a ka, unguwa na kallo.

Tun daga wannan ranar, ƙanwarta Ikram, 'yar shekara goma sha ɗaya, ta daina cin abinci sosai, ta daina zuwa islamiyya. Wata safiya Na'ima ta same ta a ɗaki tana lalubar ƙirjinta.

"Yaya, ni yaushe nawa zai fito? A islamiyya yara sun hana ni shan ruwa a kofinsu."

Na'ima ta rungume ta suka yi ta kuka. Wannan ya fi mata tafiyar lefen ciwo.

Wata bakwai ba ta kira Shamsuddeen ba, don kada ta raba ɗa da uwa. Ranar komawarta asibiti, sai ga shi da bas ɗin da yake tuƙawa daga Rano zuwa Kano a ƙofar gida, babu fasinja ko ɗaya.

"Shigo gaba, ranki ya daɗe. Ikram ma ta zo, likita ya yi mata bayani."

"Hajiya fa?"

"Na kai ta wurin likita ta ji da kunnenta. Ba ta so, amma ta ce in je, ba za ta yi min baki ba."

Da akwati ɗaya aka ɗaura auren. Hajiya ba ta zo ba, har yau ba ta cin girkin Na'ima. Amma Ikram ta koma islamiyya, tana cinye tuwonta tas.

Gado ba laifi ba ne. Wadda ta faɗi gaskiya ta yi haƙuri, Allah ba ya hana ta mai riƙe ta.