Amarya da Shinkafar da Ba a Ƙirgawa

Amarya na tsintar wake a tsakar gida Anti ta shigo tana dariya har da riƙe ciki.

"Inna, zo ki ji! Matar ɗanki ta je kantin kan kwana ta ce how many rice! Mai kantin ta ɗauko ƙwayar shinkafa tana nuna mata, wan, tu, tiri!"

Mai kantin baƙuwa ce, Turanci kawai take ji. Anti kuwa yayar ango ce, ma'aikaciyar ofis, tun farko ba ta so auren ba.

Inna ta kira ɗanta, direba. "Na ba ka mako guda. In ba za ta iya cefane ba tare da ta kunyata mu ba, ka mayar da ita gidansu."

Amarya ta yi kuka a ɗaki. Da ta gama ta wanke fuska.

"Koya min," ta ce wa mijinta.

Ya ajiye ƙwai da gari a gabanta. "Wanda yatsa ke ƙirgawa, many. Wanda sai an auna, much."

"Madara fa?"

"Ƙirga mu gani."

"To gwangwanin madarar?"

Ya yi murmushi. "Kin fara fin malaminki."

Kwana shida tana yi. Tana girki tana tambayar kanta, albasa many ce ko much, gishiri fa.

A kwana na bakwai Inna ta tura Amarya da Anti kanti tare, Anti ce shaida. Anti ta yi gaba, ta nuna sukari.

"How much sugar?" in ji mai kanti.

Anti ta hasala. "Ji mata! Ke da kantinki, ni zan faɗa miki farashi?"

Amarya ta matso, ta yi ƙasa da murya. "Anti, yawan da za a auna take tambaya." Ta juya. "Two kilos, please. How many eggs are in this tray?"

A gida Inna ta ce, "Yaya?"

"Lafiya lau, Inna. Anti ta taimaka min."

Anti ta sunkuyar da kai, hawaye suka zubo. "Ƙarya take, Inna, asirina take rufawa. Ni na kwafsa. Kar a kai ta ko'ina."

Inna ta juya ga Amarya. "Ɗora mana tukunya, 'yata."

Direba ya bi ta kicin. "Son da kike min, many ne ko much?"

"Much. Matsa, za ka ƙone."

Yara, in an yi muku dariya ku daure ku koya. Ran da kuka iya, kada ku rama.