Dangwalen Shiyar Marina

Wanda bai san Na'iya ba sai ya ce mutumin kirki ne. Ni na san shi, tare muka yi wasan ƙasa a Shiyar Marina, tsohuwar unguwarmu a Tambuwal, mai lungunan da ko amalanke ba ta wucewa.

Shekarar da hukuma ta ce mu zauna mu tsara unguwarmu da kanmu, inda titi zai bi da inda za a yi shaguna, shi muka naɗa sakataren kwamiti don ya yi boko. Ashe kura muka ba ajiyar nama. Mun yarda titi ya bi ta yamma, ta tsohuwar marina, don kada a taɓa gidan kowa. Na'iya kuwa kangwayensa uku a gabas suke.

Abin da ya biyo baya da bakinsa na ji, bayan hankalinsa ya fara gushewa. Ya hau babur ya nausa dajin bayan ƙauyen Fakku da rana tsaka. Ya sami wani boka zaune cikin kogon kuka, an lulluɓe ƙofar da jan ƙyalle. Ga tukunya baƙa manne da gashin kaji, ƙudaje sun rufe bakinta, ga ƙarni mai tayar da zuciya.

"Mi kaka biɗa?" in ji boka.

"So nika titi ya bi gabas, shagunan su zan nawa."

Boka ya tsoma ɗan soson dangwale cikin tukunya, ya miƙa masa. "Ba ni amsar kuɗinka. Mutanen shiyarku su dangwala da wanga. Duk wanda yad dangwala, ya ba da."

"Ya ba da mi?"

"Abin da ag ga gidanai."

"Filin?"

Boka ya yi dariya kawai. Na'iya ya gane, wallahi ya gane, shi ya sa bai sake tambaya ba.

Ranar taro a ƙofar mai unguwa, ya shimfiɗa sabuwar taswira, jan layi ya ratsa gabas. Bakinmu ya yi nauyi. Waɗanda jiya suke kumfar baki suka bi layi shiru, kowa na dangwala wa gidansa, don a wajenmu in babba ya sa hannu, gida duka ya sa. Na'iya kuwa biro ya zaro ya rattaba nasa.

Sai ga tsohuwarsa, Inna Tambaya, tana dogara sanda. An ce bana har mata a ji ta bakinsu, kuma gidan da Na'iya ke ciki nata ne.

"Inna, bar shi, na sa muna," in ji shi.

"Kai ka haihe ni? Gidan ubanka na ko nawa?"

Jama'a suka yi dariya. In ya hana ta, sai ya faɗi dalili. Yana tsaye yana kallo ta dangwala, ta ce, "Ga na gidanmu duka."

Titi ya bi gabas, shaguna ashirin suka tashi, Na'iya ya sayi motocin haya huɗu masu zuwa Sakkwato. Kafin damina ta zagayo muka fara ɗaukar makara. Lauwali mai nama ya faɗi yana cikin fiɗa. Gidan Abdurra'uf mutum uku cikin wata guda. Mai wankan gawa ne ya lura, kowane mamaci babban yatsansa na dama ya yi baƙi ƙirin.

Inna Tambaya ta tafi da azumi. Kamila, 'yar Na'iya, ta bi ta, yarinyar da ko taron ba ta je ba. Matarsa Mu'minatu ta tuɓe a kasuwa tana ihu. Ya koma Fakku da kuka, ya tarar da kogon wayam. Yanzu yana zaune bakin titinsa, yana goga yatsan duk wanda ya wuce da bakin rigarsa. Shagunan ba mai haya, jemagu ke ciki.

Kai mai kwaɗayi, ka ji tsoron Allah! Dukiyar da aka ce ba a biya da kuɗi, da rai ake biyanta, kuma ba kai kake zaɓar ran ba.

Ni ne na bakwai a layin dangwalen nan. Mun yi sauka, mun yi sadaka, na goge yatsana da toka har ya yi jini. Jiya da safe ƙaramar 'yata Nasiha ta miƙo mini hannu ta ce, "Baba, dubi, wanga baƙin ba ya fita."