Igiya Ta Uku

"Kar ka kuskura ka tako min ƙofa, Asa!"

Orpha ce ta faɗa, hannuwanta duk garin masara. Asa Burdette ya ja ya tsaya a tsakar gida, hula a hannu, shuɗin kakin sojan Arewa a jikinsa. Shi za ta aura bayan girbi. Yayanta Lemuel kuwa ruwan toka ya saka, ya bi rundunar Kudu a yaƙin basasar da ake yi. Jiya aka binne shi a gindin tuffa, bayan gida.

"Rabin raina, ki saurare ni..."

"Na saurare ka ran Juma'a! A kan bencin nan ka zauna, ka ga tulin burodin masara, kana tsokanata wai ko bikinmu na matso da shi ban gaya maka ba. Ni sakara na yi dariya. Na ce guzurin su Yaya ne, ran Lahadi za su tsallako kogin Clinch ta mashigin injin niƙa, zai biyo ya gaida Mama. Ka dafa Littafi Mai Tsarki ka rantse ba mai ji!"

Ya sunkuyar da kai.

"Janar Whitlow ya daɗe yana neman inda za su ɓullo. Da sun tsallako, sansaninmu za su faɗa wa. Su ma na can suna da ƙanne, Orpha."

"Sai ka ba shi nawa yayan."

"Na roƙe shi a kama su da rai. Ya yi min alkawari..."

"Kai ma ai ka yi min."

Ta so ta ga baƙo a gabanta, ta kasa. Fuskar nan ce dai, wadda take leƙe a coci tun tana yarinya. Abin da ya fi ci mata rai ke nan.

Sai idonta ya sauka a hannun rigarsa. Ran Juma'a igiya biyu ce. Yau uku, zaren ɗinkin ko dauɗa bai yi ba.

"Iye... Saje Burdette! Barka da ƙarin girma. Ashe iyakar darajar yayana ke nan, ɗan ƙyalle."

"Ban nema ba, Orpha!"

"Amma ka ɗinka."

Ta kai hannu wuyanta. Maɓallin rigarsa ne rataye da zare, wanda ya yanke ya ba ta ranar da ya shiga soja. Ta fizge shi, ta jefa cikin hular da ke hannunsa.

Daga ɗaki muryar Mama ta fito tana rawa. Tun jiya ta ƙi yarda Lemuel ya mutu, har yanzu tana ajiye wa ɗanta faranti.

"Orpha, wa ke nan? Lemuel ne ya iso?"

Orpha ta dube shi, hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Ba kowa, Mama. Wani soja ne ya ɓata hanya."

Ta ja ƙofa ta rufe.