Tankin Mazut na Gidan Alhaji Chaibou

Ranar da Habibou ya fara ganin Suhaila, tana durƙushe a ɗakin ƙasa na gidan babansa a Vaulx-en-Velin, kusa da Lyon, tana haska tsohon tankin mazut da tocila. Shekara talatin ana ɗumama gidan da man cikinsa. Yanzu ya yi tsatsa, an kira kamfanin su Suhaila ya cire shi. Ta ɗago ta ce masa da Hausar Damagaram ya gusa, ya tare mata haske. Ya gusa, amma ya kasa fita.

A Paris yake aiki, amma tun daga ranar kowace Asabar jirgin ƙasa ke sauke shi a Lyon.

Da maganar aure ta taso, babansa Alhaji Chaibou, tsohon ma'aikacin jakadanci, ya ce ba da yawunsa ba. Ɗansa ba zai auro mai wankin tanki ba, ga Yasmine ɗiyar amininsa tana karatun likita. Maganar ta kai kunnen Suhaila, ta rubuto wa Habibou:

"Masoyina, ban yi sata ba, ban yi roƙo ba. Shekara uku na yi ina koyon aikin nan. In warin mazut ne laifina, ku bar ni da abina."

Ya amsa mata: "Zinariyata, ke na zaɓa. Ki ba ni lokaci."

Mako biyu ba ta amsa ba.

Don kada ta sake taka masa gida, Alhaji ya soke aikin, ya kira Nassim, wani mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya zo ya yanke tankin. Hankalin matarsa Hajiya Salamatou bai kwanta ba, ta buga wa Suhaila waya a ɓoye.

Suhaila ta tarar Nassim ya riga ya jona injin yankan ƙarfe. Ta fizge wayar injin daga bango.

"Alhaji, ku raina ni yadda kuke so," ta ce cikin fushi. "Amma tankin nan ba a zuƙe shi ba, ba a fitar da iskarsa ba. Tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa shi. Kuma Hajiya tana sama tana girki."

Ta kara na'urar awon iskar gas a bakin tankin, na'urar ta hau ƙara. Nassim ya tattara kayansa. Alhaji ya zauna a kan matakala.

Washegari ta zo da abokan aikinta, suka zuƙe dagwalon man, suka wanke tankin, suka yanka shi. Ta miƙa wa Alhaji takardar shaida, ko ruwan gidan ba ta sha ba.

Alhaji da kansa ya tafi Aubervilliers, kusa da Paris, wurin mahaifinta nema wa ɗansa aurenta. Suhaila ta ce ta yarda, amma a sani ba za ta bar aikinta ba. Habibou ya nemi canji ya dawo Lyon.

Ranar ɗaurin aure Alhaji ya kira ta gaban mutane.

"Ɗiyata, na zalunce ki, ki yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari."

Ta sunkuyar da kai ta ce amin.