Hannun Tsoho Pruitt

"Kowa ya kwanta! Ƙasa na ce!"

Rana tsaka suka faɗa kantin gwal ɗin, a wani ɗan gari na Mississippi. Dontae, ogansu, ya kai wa gilashi gindin bindiga — tass! Reese na waje cikin mota, inji na kunne. Cleon, ƙanin Dontae, shi aka bar wa mai kantin, tsoho Pruitt, dattijon coci.

Tsohon ya kai hannu aljihu.

Tau!

Cleon bai san lokacin da ya danna kunamar bindigarsa ba. Abin shaƙar asma ya gangaro daga hannun tsohon. Yana faɗuwa ya cafke wuyan hannun Cleon, gam.

"Ɗana," ya ce, numfashinsa na sarƙewa, "kada ka mutu a haka. Yesu na jiranka."

"Mu ware!" Dontae ya fizge shi. "Kwalawa na hanya!"

Sun tsere. Suka ɓuya a wani tsohon gidan gona bayan gonakin auduga. Reese na soya kaza yana fito, Dontae na gwada sarƙoƙi a wuya. Cleon kuwa na bakin famfo yana dirzar wuyan hannunsa da sabulu har fatar ta saɓule. Babu jini a wurin. Yatsun ne yake ji, masu sanyi, sun ƙi saki.

"Baaba, za ka ƙarar mana da sabulu," in ji Reese.

"Kun ji waƙa?"

"Wace waƙa kuma?"

"Ta coci. Irin wadda Mama take yi."

Dontae ya harare shi. "Mama na kabari. Kai dai ka sha wani abu ka kwanta. Tsoho ne, dama ya kusa."

A gari kuwa, Hollis, shugaban 'yan sandan yankin, na tsaye a falon Ernestine, matar mamacin, hularsa a hannu.

"Za mu kamo su, Mama."

"Ku kamo su da rai," ta ce. "Ina so in ga fuskar wanda ya yi."

Ranar Lahadi Cleon ya sulale da ƙafa. Ya bi titin ƙasa har wata 'yar majami'a ta katako. Ya zauna a bencin baya. Ana tashi, ya kasa miƙewa. Ya durƙusa a ƙasa, kuka ya ɓalle masa kamar na yaro.

Fasto Whitlock ya durƙusa kusa da shi.

"Fasto, ni na harbi tsoho Pruitt. Akwai gafara ga irina?"

"Akwai. Jinin Yesu ya isa. Amma tuba ba ta ƙarewa a kan bencin nan, ɗana. Ka san inda ta nufa: wurin hukuma."

"Ogan namu yayana ne. Shi ya raine ni."

"Na ji."

Cleon ya daɗe yana kallon gicciyen bango. Sannan ya ce, "Ara mini wayarka."

Kafin yamma motocin 'yan sanda sun kewaye gidan gonar.

"Ku fito, hannu sama!"

Reese ya fito, hannu sama. Dontae ya leƙo ta taga, ya hango ƙaninsa a bayan motar Hollis, da ankwa.

"Cleon! Ni za ka sayar? Ni?"

Ya banko ƙofa yana harbi — tau! tau! Aka mayar masa. A kan matakala ya faɗi, sarƙoƙin na wuyansa.

Reese ya samu shekaru masu yawa a gidan yari. Cleon, ɗaurin rai da rai. Ba a bar shi ya je jana'izar yayansa ba, cikin dangi kuma babu wanda ya sake kiran sunansa.

Da hunturu aka ce yana da baƙuwa. Ernestine ce, a bayan gilashi, cikin baƙar hula. Ta ɗauki wayar magana da fursuna, ta ƙare masa kallo.

"Ashe yaro ne ma," ta ce a hankali.

"Mama, ki yafe..."

"Ban yafe ba. Kullum ina roƙon Ubangiji ya ba ni iko, har yau bai ba ni ba. An ce ka iya addu'a yanzu. To, taya ni."

Cleon ya sunkuyar da kai, ya fara.