Inda Auta Yake Zuwa Ran Laraba

Amarya tana tsaye a falo tana guge kwat ɗin mijinta na Lahadi, sai ga surukarta ta faɗo, ko ƙofa ba ta ƙwanƙwasa ba. Shekara biyu ke nan da auren, amma har yau Amarya ake ce mata. Shi kuwa mijin, duk da gemunsa da garejinsa, Auta ne a bakin kowa.

"Ina Auta?" in ji Mama, tana leƙa ɗaki.

"Ya ce aiki ya riƙe shi a gareji, Mama."

"Gareji?" Mama ta taɓe baki, ta zauna. "Yanzu na biyo ta can, a kulle yake. Ke dai yi ta guga. An ce mini duk Laraba da Juma'a ana ganinsa yana shiga wata 'yar coci a bayan kasuwa, wadda a da shagon kafinta ne. Kuma mace ke tarbarsa a bakin ƙofa. Na san irin cocin nan — su janye miki ɗa, su haɗa shi da 'yarsu."

Dama Amarya ta kwana biyu da abu a ranta. Mutumin da ba ya damuwa da baƙin mai, yanzu duk Laraba sai ya zauna ya ƙanƙare farcensa tas da sabulu. Akwatin sifanarsa da yake yashe a bayan ƙofa, ya sa masa kwaɗo. Sau biyu kuma ta ji shi yana raɗa a banɗaki, a hankali, kamar mai lallashin wani.

Da Auta ya dawo, ko ruwa ba ta bari ya sha ba.

"Ina ka je?"

Ya sosa ƙeya. "Dama akwai maganar da nake so mu yi. Ina tunanin mu canja coci."

"Tamu me ta yi maka? Mutum dubu, ga mawaƙa, ga allon da ake haska ayoyi, kai kuma ke nuna wa manya wurin zama."

"Ba ta yi mini komai ba. Amma shekara ashirin ina shiga ina fita, yadda na shiga haka nake fitowa. Kwat ɗina suka sani, ba ni ba."

"To wace ce ta san ka? Faɗa mini sunanta kawai."

"Haba, Amarya. Ki ba ni zuwa ƙarshen wata, zan nuna miki komai."

"Buɗe akwatin nan yanzu."

Ya dubi akwatin, ya dube ta, ya sunkuyar da kai. Wannan shirun ya fi mata zagi ciwo. Ta shige ɗaki ta ci kukanta ta ƙoshi, sannan ta jawo jaka ta zuba kayanta, ta tura ta ƙarƙashin gado. Ta ƙudura a ranta: ran Laraba za ta gani da idonta, in ta tabbata, gidan iyayenta za ta kwana.

Ran Laraba da yamma ta bi bayansa daga nesa, tana laɓewa a bayan rumfuna kamar wadda ta yi sata. Ya shiga wani ɗaki mai rufin kwano, har yanzu yana warin katako. Ta raɓe ta taga tana leƙe.

Mutane ne da ba su wuce goma sha biyar ba, a kan benci, sun yi da'ira. Faston ma a cikinsu yake zaune, babu mumbari. Ga wata dattijuwa mai furfura da tabarau, suna ce mata Malama. Karatun Littafi Mai Tsarki suke yi, kowa aya ɗaya, a bi da bi, sai a tsaya a tambayi juna me aka fahimta. Amarya ta yi ta zare ido tana neman budurwar da ta sace mata miji, ba ta ga ko mai kama da ita ba.

Sai layi ya zo kan Auta. Ya ɗora yatsa a ƙarƙashin kalmar farko, ya fara haɗa baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, yana tuntuɓe kamar ɗan aji ɗaya. Zufa ta keto masa. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya karɓe masa. Malama ta naɗe hannu tana jira. Muryar da yake karatun da ita, ita ce raɗar nan ta banɗaki.

Nan take komai ya dawo wa Amarya. Tun suna neman aure bai taɓa rubuto mata saƙo ba, sai na murya, ita kuwa tana ta murna wai soyayya ce. Kullum aka kawo takarda sai ya ce, "Hannuna duk mai ne, karanta mini." A coci kuwa sai ta buɗe nata Littafin, sannan ya saci kallo ya buɗe nasa. Shekara biyu tana kwana ɗaki ɗaya da shi, ba ta san mijinta bai iya karatu ba. Kunya da tausayi suka rufe ta.

Bayan addu'ar tashi ya fito ya gan ta a jikin taga, fuska sharkaf da hawaye.

"Kin gani ke nan," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Motar Malama na gyara, ta miƙo mini takarda, ta lura da yadda na riƙe ta. Ba ta tona ni ba, cewa kawai ta yi in zo ran Laraba. Akwatin nan, littafin rubutu ne a ciki da fensir. Ke kin yi makaranta, Amarya. Tsoro na ji kada ki rena ni."

"Ni ce abin renawa. Har jaka na haɗa."

A gida suka tarar da Mama a falo, ta kasa zaune ta kasa tsaye.

"Kin gan ta?"

"Na gan ta, Mama. Ta girme ki ma. Karatu take koya masa."

Mama ta sulale ta zauna. Ashe ba budurwa take tsoro ba. Ta cusa wa Amarya zargin ne don ta janyo mata ɗanta gida.

"Ni na cire shi daga makaranta da babansa ya rasu," ta ce. "A cocinmu ba mai tambayarsa ya karanta komai, asirinmu a rufe. Can kuwa kowa zai san abin da na yi."

Auta ya ɗauko tsohon Littafin da yake riƙewa kowace Lahadi, gadon babansa, ya durƙusa a gabanta ya buɗe shafin farko. Akwai rubutun hannu a wurin, wanda Mama ta yi shekaru tana shafawa, don ita ma ba ta iya karatu ba, kuma kunya ta hana ta ba wani ya karanta mata. Ya ɗora yatsa.

"Na... ba... matata. Allah... ya sa... 'ya'yanmu... su karanta miki... in idonki... ya gaji."

Mama ta rufe fuska da gefen zanenta, ta yi kuka mai isarta. Da ta lafa, ta share ido ta ce, "Ita Malamar nan, tana karɓar tsofaffi?"

Lahadin da ta biyo, su uku suka zauna a kan benci ɗaya a tsohon shagon kafinta, kuma Amarya ba ta sake guge kwat don idon mutane ba. Ta koyi abu biyu da take gaya wa duk amaryar da ta zo mata da ƙorafi. Kada ki yanke wa miji hukunci a kan maganar da aka kawo miki, ko daga bakin wa ta fito. Wurin sujada kuma ba da yawan jama'a ake zaɓensa ba. Ki nemi inda za a san rauninki, a yi haƙuri da ke har ki ƙaru. Jakar nan kuwa, Auta ne ya jawo ta daga ƙarƙashin gado, yanzu a cikinta suke zuba littattafansu ran Laraba.